Faifai na Bakwai

"Dakata tukuna," in ji Shifa'u, ta sa hannu ta tare ƙofar na'urar. "Ina Zakariyya?"

Baƙon injiniyan ya ɗago kai, filashin kwamfuta a hannunsa. "An mayar da shi Kaduna, Hajiya. Lawan sunana. Manhajar cikin na'urar zan sabunta, in canza faifan da ya mutu."

Shekara huɗu Shifa'u tana kula da kwamfutocin wannan kamfanin fata na Challawa, kullum Zakariyya ake turowa. Na'urar nan mai faifan ajiyar bayanai goma sha biyu ita ke riƙe da sakamakon gwajin ruwan da kamfanin ke saki cikin kogi. Jibi kuma jami'an muhalli za su zo dubawa, saboda ƙorafin masu noman rani. Sai ga baƙuwar fuska, manaja Alhaji Ladan da kansa ya rako shi har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

Ta buga wa ofishinsu Lawan waya, aka ce nasu ne. Duk da haka ranta bai kwanta ba.

"Ba za ka taɓa komai ba sai na kwafe bayanan kaf."

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. "Malama Shifa'u," in ji Alhaji Ladan, "ki bar bawan Allah ya yi aikinsa mana."

"Ku yi haƙuri, Alhaji, ƙa'ida ce."

Awa biyu kwafin ya ci. Warin jima na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ita tana satar kallon hannun Lawan, shi ma ta lura yana satar kallonta. Da aka gama ya sabunta manhajar, na'urar ta mutu ta tashi, fitilu suka koma kore ban da ɗaya. Ya zaro faifai na bakwai, ya gwada shi, ya daɗe yana karanta allon kwamfutarsa.

"Faifan nan lafiyarsa ƙalau," ya ce ƙasa-ƙasa. "Fizge shi aka yi yana aiki, aka mayar a karkace. Ranar Juma'a, ƙarfe biyu saura, mutane na masallaci. Wanda ya yi ya zaci faifai ɗaya ya isa ya lalata komai."

Ran nan Shifa'u tana Panshekara wajen sunan ɗiyar yayarta.

"Ki gafarce ni," in ji Lawan, "ke na zarga, sai da na ga yadda kika nace kan kwafi. Su wa ke da makullin ɗakin nan?"

Makullai biyu ne, ɗaya na cikin jakarta, ɗayan na wurin Alhaji Ladan.

Ya ɗauko takardar rahoto. "Me zan rubuta?"

Ta tuna Alhaji Ladan ne ya ɗauke ta aiki lokacin da kowa ke cewa ba aikin mace ba ne. Duk da haka ta ce masa:

"Abin da ka gani. Har da lokacin."

Ita ta hau bene da takardar. Alhaji Ladan ya tarbe ta da murmushi.

"To, an gama?"

"An gama, Alhaji. Komai na nan, ko layi ɗaya bai ɓata ba. Sa hannunku ake jira."

Ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya shiga laluben biro a aljihun tebur, alhali ga ɗaya maƙale a gaban rigarsa.