Sharar da Muka Yi wa Ajin Malama

Ni na tara matan, ba zan ɗora wa kowa ba. Da labari ya zo cewa mai duba makarantu za ta zo ranar Talata ta ga ajin ƙananan yara, ta yanke ko a bar shi ko a rufe, sai hankalina ya tashi. Jikata Auta tana ajin, kuma in an rufe shi, makaranta mafi kusa tafiyar awa biyu ce. Wace 'yar shekara huɗu za ta iya?

Ajin kuwa, in ka gan shi sai ka ce bola. Gwangwanaye cike da marafan kwalba, tsakuwa tsibi-tsibi, karare, shanun laka a bakin taga, ga yashi da aka zuba a kusurwa da gangan. Wai karatu ke nan. Na sha ce wa Malama, "'Yar nan, koyo muka aiko su, ke kin mai da su magina tukwane." Dariya kawai take yi, ta ce, "Iya, tambayi Auta shanu nawa za su rage in biyu sun ɓata." Auta kuwa ta faɗa daidai, har ta ƙara da wanda ya sace su. Ban ƙi ba, amma baƙuwa ba za ta zauna tambayar Auta ba, ɗakin za ta fara kallo.

Ranar Litinin Malama ta tafi gari tarbo baƙuwar. Mu shida muka karɓi makulli wurin mai gadi. Muka kwashe yashin, muka juye gwangwanayen a rami, shanun lakar suka bi baya. Matar tela ta aro benci huɗu. Muka yayyafa ruwa, ɗaki ya yi fes, muna ta yabon kanmu.

Da safe suka iso a mota ɗaya. Malama ta tsaya cak a bakin ƙofa. Yara na jere a benci, hannu a ƙirji, yadda muka koya musu.

Baƙuwar ta zaga, ta duba kusurwa, ta duba taga. "Malama, a rahotonki kin ce da wasa kike koyarwa. Ina kayan wasan?"

Baƙuwar ta juyo ta dubi Malama.

"Ko rubutawa kawai kika yi?"

Ina tsaye ta waje jikin taga, ina jin komai. "Mu ne" kawai zan ce, amma kunya ta danne ni. Malama ta dube mu, mu da duk mun haife ta, ta sunkuyar da kai.

"Laifina ne, ranki ya daɗe," ta ce.

Baƙuwar ta yi dogon rubutu, ko ruwanmu ba ta sha ba ta shiga mota.

Bayan sati uku takarda ta zo. An rufe ajin, an mai da Malama wani wuri. Ta zo gidana sallama, ta durƙusa ta gaishe ni. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

"Iya, ban samu na yi muku godiyar shara ba. Na san don ni kuka yi."

Wallahi da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Auta ta raka ta har bakin hanya, sannan ta dawo ta tambaye ni ko gobe akwai makaranta.