Tafiyar Awa Tara

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a tashar jirgin ƙasa yana rubuta lokacin da jirgi ya shigo da lokacin da ya tashi, shi ya sa abokan aikinsa ke ce masa Agogo. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai kama da laifin latti, sai ya koma kan wani dogon shirin talabijin na 'yan sama jannati. Har littafi ya saya mai baƙin bango, yana rubuta kwana nawa kumbonsu ya yi daga wannan duniya zuwa waccan. Mu dariya muke yi masa. Yayana ne kaɗai ke biye masa, su share awa guda a waya suna musu.

Ranar Juma'a Baba ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce zuciya ce, sai an yi aiki ranar Alhamis. Asabar da safe Yaya ya kamo hanya daga garin da yake aiki, tafiyar awa tara. Bai cika awa uku ba wata babbar mota ta bi ta kan motarsu. Kawu ne ya je, can aka binne Yaya.

Likita ya ja ni da Mama gefe ya ce, "Kada ya ji kafin a yi aikin nan. Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Haka muka shiga ƙarya. Mama na zuwa da safe, ni da yamma, kowa ta wanke idonta a famfon bakin ƙofa kafin ta shiga. Baba ya tambaya, mu ce, "Yana hanya." Ban taɓa tsanar wata magana kamar wannan ba.

Gado shida ne a ɗakin, da talabijin ɗaya maƙale a bango, ƙarfe huɗu ake maimaita shirin. A gadon da ke kusa da na Baba akwai wani tela mai ciwon sukari, an cire masa yatsun ƙafa biyu, shi ma mayen shirin ne. Sai dai shi bai yarda masu shirin suna kuskure ba. Ko sama aka nuna a ƙasa, Tela zai nemo dalili.

Ranar Laraba na tarar sun kaure. Baba na jingine da matashi, robar iska a hanci, littafi a cinya.

"A kashi na huɗu kwana sha ɗaya suka yi kafin su isa Tashar Ƙanƙara," in ji Baba. "Yau kuma Kyaftin ya ɗora shayi, kafin ya huce sun iso. Tashar ce ta taso ta tare su?"

"An canza musu inji, Malam Agogo."

"A wane kashi?"

"Ba komai ake nunawa ba. Ka taɓa ganin sun shiga banɗaki? Amma ai suna shiga."

Har mai gadon ƙarshe, wanda bai cika magana ba, sai da ya yi dariya. Na zauna ina ɓare wa Baba lemo, ina jin haushin su duka biyun. Yayana na cikin ƙasa kwana huɗu, su suna auna nisan wata tasha da babu ita.

"To bar wannan," Baba ya ce, ya buɗe wani shafi. "Injiniyarsu fa? An aike ta ɗauko magani a ƙaramin kumbo, da bakinta ta ce kwana uku. Kashi goma sha biyu ke nan ba ta dawo ba."

"Guguwar taurari ce ta tare ta, ai an faɗa."

"An faɗa. Bayan kashi biyu kuma aka ce man kumbonta ne ya ƙare tun kafin ta kai wurin guguwar. Wanne za mu ɗauka? Ba mutum ɗaya ke rubutawa ba, kuma ba su haɗa baki ba." Ya ja numfashi da ƙyar. "Na daɗe ina kallon irin wannan, Tela. In ka ga an gajarta tafiya, sauri suke. In ka ga ana ta ja wa mutum tafiya, yau guguwa gobe mai, to mai wasan ce babu ita, sun rasa yadda za su gaya wa masu kallo."

Lemon ya suɓuce min ya gangara ƙarƙashin gado.

Baba bai kalle ni ba, littafinsa yake kallo. "Auta, uwarki ta ce gada ta karye, yayanki ya juya ya bi zagaye. Ke kin ce ya haye gada, can gaba motar ta lalace. Waya kuma, ita ta ce an sace, ke kin ce ta faɗa ruwa."



Sai ya juya ga maƙwabcinsa. Muryar ba irin ta musu ba ce, roƙo ne. "Tela, kai da ba ka rasa hujja. Tafiyar awa tara, yau kwana huɗu. Kawo min ko guda ɗaya."

Tela ya san komai, don ya ji ni ina kuka a baranda tun Lahadi. Ya ce, "Wataƙila..." Ya tsaya. Ya ja zanin gado ya rufe ƙafarsa mai bandeji, ya juya fuska bango.

Baba ya gyaɗa kai. Ya nemi sabon layi a littafin.

"Ƙarfe nawa ya taso?"

"Bakwai saura kwata," na ce, hawaye ya ɓalle min.

Ya rubuta. Gurbin isowa kuwa ya daɗe yana dubansa, sannan ya rufe littafin ya miƙo min.

"Kada ki gaya wa uwarki na sani. Ku ci gaba da yadda kuke, ta samu abin riƙewa zuwa gobe. Amma ku haɗa baki. Ki ce gadar ce."

Alhamis ƙarfe takwas aka tura shi ɗakin tiyata. Mama ta bi gadon tana ce masa an gyara gada, yaron ya kusa. Baba ya ce, "Madalla." Likita ya ce mana aikin awa huɗu ne.

Sha biyu ta yi. Ɗaya ta yi. Wajen biyu da rabi wata nas ta leƙo, ba ta haɗa ido da kowa ba, ta ce jini ake jira. Bayan rabin awa wata daban ta fito ta ce na'ura ce ta ɗan ba da matsala, mu ƙara haƙuri, an kusa.

Mama ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Kin ji, an kusa."

Na dubi agogon bango, na dubi littafin da ke cinyata. Na kama hannunta na riƙe, na ce, "Eh, Mama, na ji."