Tafin Takalmin da Ya Zauna a Kan Dutse

Shekara hamsin da biyu ina shiga kogin Mataura kamun kifi, ban taɓa faɗuwa ba. Ranar Asabar na faɗi. Ruwa iya cinya, na ɗaga ƙafar hagu, tafin takalmina ya ɓalle ya zauna a kan dutse, ni na yi gaba. Na sha ruwa, na fasa gwiwa. Takalmin shiga ruwa ne, wata huɗu da saye.

'Yata Ngaire ta ga gwiwar. Ta ɗauke sandar kamun kifina ta kulle a bayan motarta.

"Ƙafafunka sun gaji, Baba. Kai da kogi kun gama."

"Takalmin ne."

"To, masu shagon da suka sayar maka su faɗa da bakinsu."

Sau uku na buga musu waya, suna sa mini kiɗa. Ranar Litinin na sa ta kai ni shagon a garin Gore. Na dire takalman a kan kanta gaban mai shagon, wani Dion, mai ƙaton ciki, wanda ban taɓa ganinsa a bakin ruwa ba.

Ya juya na hagun da ɗan yatsa, ya dubi Ngaire, ba ni ba.

"Ba a taɓa dawo mana da irin wannan ba. Kin san tsofaffi, jan ƙafa suke yi. Tuntuɓe ya yi, dutse ya fizge tafin."

Ngaire ta gyaɗa kai.

"Da ni za ka yi magana," na ce. "Ni na saya."

"Yi haƙuri, dattijo. Yaya kake adana su?"

"Yadda aka ce. In na fito daga kogi, in sa su a firiza kusa da naman barewa, sai sun daskare."

Kowa a nan ya san dalili. Muguwar gansakukar nan da ke kashe koguna a jikin takalmi take tafiya. Ko ka jiƙa da sabulu, ko ka daskarar. Takardar gargaɗin ma tana manne a bangon bayansa.

Fuskarsa ta washe.

"Firiza! Ai shi ke nan, babu garanti. Ƙanƙara tana kashe gam ɗin da ke riƙe tafin. Dole tafin ya ɓalle, ko a ƙafar wa yake."

"Takardar da ke bayanka fa?"

"Ta hukuma ce, ba ta kamfani ba."

Ɓarawo. Ya sayar wa masunci takalmin da ba ya jure abin da kowane masunci ke yi. Na so in kwaɗa masa shi a baki. Sai na tsaya.

"Maimaita."

"Babu garanti."

"Ba wannan ba. Na ƙarshen."

Ya yi tsaki. "Na ce dole ya ɓalle, ko a ƙafar wa yake."

Na juya na dubi Ngaire. Ta ɗauki na daman, ta sa babban yatsa a gefen tafin. Shi ma tafin ya buɗe baki kamar kifi.

"Ɗazu ka ce tuntuɓe ya yi," ta ce masa.

Ya hau gyaran takardu.

Na bar masa takalman nan. Na ce ya soya ya ci.

A waje ta buɗe bayan mota ta miƙo mini sandar.

"Da tsohon takalminka za ka shiga. Kuma ina bakin ruwa ina kallo."

"Ki zo da kujera," na ce. "Ba na fitowa da wuri."