Tabar Torbjörn

Ranar jarrabawar nutso a gaɓar tekun yankin Bohuslän, abu ɗaya ya rage in samu takardar da jami'a ke nema kafin in fara binciken ciyawar teku: in nuna kamar iskar tulun numfashina ta ƙare, in karɓi ta abokin nutsona.

A zurfin mita goma na yi wa abokin nutson nawa, Torbjörn, alama. Ya zare robar numfashi daga bakinsa ya miƙo min. Ina sa ta a baki na ji wani abu mai laushi da ɗaci ya sauka a harshena. Ashe ƙullin tabar da yake cusawa ƙarƙashin leɓe ne, tun safe yake tsotsarsa!

Malamarmu Gunnel ta zuba min ido, kuma duk wanda ya tofar da robar ya faɗi. Na runtse ido na haɗiye.

Muna fitowa na rungume gefen jirgin ruwanmu ina kakarin amai. Gunnel ta ce, "Kin ci, Ylva. Ban taɓa ganin natsuwa irin taki ba."

Torbjörn kuwa sai lalube yake da harshe. "Kai, ina tabata ta shiga? Ita ke nan gare ni fa."

Na ce, "Ƙazamin banza, tara hannunka, ga ta nan tafe."