Muryar Gwaggo a Tsakiyar Tafki

A yi mini afuwa tun kafin a fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, shi ma a ƙuryar ɗaki. In an ga alƙalamina ya karkace a wani wuri, a rufa mini asiri.

A gidansu Tabarau ake ce mata, saboda gilashin da ba ya barin fuskarta da littafin da ba ya barin hannunta. Gwaggo ce kaɗai ba ta kiran ta haka. Ita "uwata" take cewa, domin sunan mahaifiyar Gwaggon aka sa wa yarinyar, kuma a ɗakinta ta tashi tun daga yaye.

Yaya, babban wan Tabarau, yana aiki a wata ƙasa mai nisa. Shi ya aiko a kai masa Gwaggo a yi mata aikin ido, aka haɗa ta da Tabarau 'yar rakiya. Aiki ya yi kyau, ido ya washe. Sai Yaya ya ce ba za su koma gida ba sai sun ga wani tafki da ke tsakanin duwatsu, inda ake zagayawa da baƙi a jirgin ruwa.

"Ni da ko rafi ba na tsallakewa?" in ji Gwaggo. "Ruwan da ba a ganin ƙasansa?"

"Ga malama nan," Yaya ya ce yana dariya. "Ta haddace littafin tafkin kaf, har zurfinsa ta sani."

"Kar ta gaya mini zurfin. Uwata, hannuna dai za ki riƙe."

"Zan riƙe, Gwaggo."

Akwai abu ɗaya da Tabarau ta karanta ta bar wa cikinta. In jirgin ya kai tsakiya, matuƙin yakan kashe inji, kowa ya yi tsit, ya busa ƙaho, dutsen ya maido da sautin. So take ta ga mamaki a fuskar Gwaggo da Yaya tukuna, sannan ta gyara gilashi ta yi bayani.

Bencinan jirgin na katako ne, masu sanyi da laima. Fasinjoji na magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin mara lafiya. Gwaggo kuwa ta shigo da rigunan sanyi biyu a ƙarƙashin mayafi, da safar Yaya har gwiwa, da leda mai ƙarar tsiya wadda ta sa filas a ciki. Ga shi ba ta iya raɗa ba.

"Kai, dubi dutse! Wannan ko akuya ba ta hawa!"

Wasu suka waiwayo. Tabarau ta sunkuyar da kai don kunya. Yaya ya koma bayan jirgi yana waya. Tafin Gwaggo ya jiƙe da gumi a cikin nata.

"Bari in ɗauko hoto in dawo," ta ce, ta zare hannunta.

Ta tafi can gaba ta tsaya kusa da wata mata mai malafa, ta buɗe littafinta. Hoto ta ɗauka, amma ba ta dawo ba. Ruwan kore ne shar, duwatsun sun tashi tsaye dama da hagu, kawunansu fari fat da ƙanƙara.

Sai aka kashe inji.

Shiru ya sauko. Matuƙin, wani dattijo mai farin gemu, ya kai ƙaho bakinsa.

"Innalillahi! Inji ya mutu!" Gwaggo ta miƙe, ledar ta faɗi, filas ya gangara ƙarƙashin benci. "Uwata! Uwata, ina kike?"

Dutsen ya karɓa. Uwata, uwata, ya maido, wani dutsen na can ya sake maidowa a hankali. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka biyo shi.

Mai malafa ta dubi Gwaggo, ta dubi mayafin Tabarau, ta tambaye ta da Turanci, tana murmushi, "Tare kuke?"

Tabarau ta girgiza kai.

Ba da ƙarfi ba, kaɗan ne. Amma da ta ɗago, idon Gwaggo na kanta, idon nan da aka gyara, wanda yanzu yake zura zare a allura ba taimako.

Yaya ne ya rugo ya rungume tsohuwar, yana ce mata da gangan aka kashe, ba abin da ya lalace. Matuƙin ya dafa ƙirji ya rusuna mata, ya ce yau dutse ya riga ya amsa wa wadda ta fi shi murya. Aka tafa. Ya busa ƙahonsa, sautin ya je ya dawo daidai yadda littafi ya faɗa. Tabarau ba ta yi wa kowa bayani ba.

Har suka dawo gaɓa Gwaggo ba ta sake neman hannun Tabarau ba. Hannun Yaya ta riƙe.

A kan gadar katakon da ake sauka, fasinjoji suka kewaye ta, kowa na son hoto da ita. Tabarau ta matso a hankali, ta sunkuya za ta karɓi ledar, tana neman yadda za ta ba ta haƙuri.

Gwaggo ta sakar mata ledar ba tare da ta dube ta ba. A karon farko ta iya raɗa.

"Matsa can, uwata. Ga mai malafar nan tafe. Kar ta gane ba gaskiya kika faɗa mata ba."

Babu faɗa a muryar. Da ma faɗan ta yi.

"Ku matso, ku matso," Yaya na cewa, ya ɗaga waya sama yana neman yadda kowa zai shiga. Mai malafa ta riƙo hannun Gwaggo da hannu biyu.

Tabarau ta rungume ledar a ƙirji don kar ta yi ƙara. Ta ja da baya, ta raɓa ta bayan rumfar masu yankan tikiti, ta sulale wajen da suka ajiye mota kafin wani ya lura babu ita a hoton.