Pierogin da Muka Kushe

Ni na kawo shawarar, kuma har gobe ina nan a kan cewa shawara ce mai kyau. Duk shekara idan ranar sunan Mama, wato ranar tunawa da waliyyiyar da ta ci sunanta, ta zagayo a ƙarshen Oktoba, ita ce za ta yi kwanaki a tsaye a kicin, mu kuma mu zo da furanni, mu zauna mu cika ciki, mu bar ta tana shafa magani a baya har mako ya zagayo. Mace ta haura saba'in! Sai na ce bana an gama wannan wahalar. Gidan abinci za mu kai ta, ta zauna a kawo mata.

"Wane gidan abincin?" in ji Mama.

"Na bakin gada, mai abincin gargajiyan nan."

Ta ajiye cokalin shayinta, ta kira sunana. "Danka, duk garin nan babu wani sai shi?"

"Shi kowa ke yabo, Mama. Har daga Lublin ake zuwa."

"Ni dai da kun bar ni na dafa."

"Na riga na kama tebur."

Ni kuwa in na kafe na kafe. Tun rasuwar Baba fuskar Mama ba ta cika sakewa ba, kuma abin da nake so shi ne ta tashi daga teburin nan tana jin 'ya'yanta sun san darajarta.

Mu huɗu muka je: ni, Mama, ƙanena Leszek wanda bakinsa ba ya hutu, da mijina Witek wanda nasa bakin abinci kawai ya sani. Aka zaunar da mu ƙarƙashin wani busasshen kan barewa da ido ɗaya ya faɗe. Mama ta zaɓi kujerar da ta juya wa ƙofar kicin baya, ta kuma ƙi cire hularta. Na ce a raina, rigimar tsufa ce.

Romon kaza da taliya aka fara kawowa. Ko tururi ba ya yi, kuma ban da ɗanɗanon dunƙule babu komai a ciki. Leszek ya kurɓa, ya ɗaga kai.

"Kazar nan leƙa tukunyar kawai ta yi, ta ce sannunku da aiki, ta wuce. Mama, ina wannan ina naki?"

Ai mu haka muke. Ɗan kirki ba ya cin abincin waje a gaban uwarsa ya yi shiru, dole ya ce bai kama ƙafar nata ba. Ko da abincin ya yi daɗi sai an faɗa, balle wannan da ya sauƙaƙa mana aiki. Na saci kallon Mama, na ga gefen bakinta ya ɗan motsa. Daɗi ya kama ni. Na ƙifta wa Leszek ido, wato ya ci gaba.

Miyarsa mai tsami a cikin ƙwaryar burodi aka zubo ta, don burga. Burodin ya jiƙe ya huje ta ƙasa, miyar ta bi tebur ta sauka a kan wandonsa na zuwa coci. Agwagwar da na yi oda kuwa sai da na miƙe tsaye kafin wuƙa ta shige ta.

"Wannan da ƙafarta ta tako daga Warsaw," in ji Leszek yana goge cinya. "Dubi yadda ta rame."

Mama ta yi dariya, dariya ta gaske har da rufe baki da hannu. Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba na da rai. Na ji kamar in je kicin in rungume wanda ya ƙona agwagwar.

Sai Leszek ya ɗaga hannu ya ce a kawo babban faranti na pierogi, 'yan naɗin kwaɓin fulawar nan da ake dafawa, masu dankali da cuku a ciki.

"Ku bar pierogin," in ji Mama da sauri. "Kun ƙoshi ai."

"Ƙoshi da me? A kawo mu ga iyakar abin kunyarsu."

Aka kawo su suna tururi, soyayyar albasa a kai. Mu kuwa baki ya riga ya saba, ba wanda ya tsaya jin ɗanɗano. Leszek ya soki ɗaya ya ɗaga sama.

"Kai! Ku ji kauri. Da wannan ai sai a yi facin taya."

"Cukun ma rowa aka yi," na ce. "Dankali ne zalla. Wanda ya yi wannan bai taɓa ganin pierogi na gaske ba."

"Inji ne ya yi su, Danka, daga gani. Hannun mutum ba zai yi wannan ta'asar ba."

Witek, wanda tun da aka ajiye farantin bai ɗago ba, ya haɗiye ya ce, "Ni dai sun yi min daɗi. Kai ka ce ma na..."

Na sakar masa tsinin takalmi a ƙauri. Bai dai fasa ci ba.

Mama ba ta ƙara dariya ba. Ta kafa wa farantin ido, hannuwanta a kan cinya. Ni da wayona na ɗauka kunyar yabo ce ta kama ta, sai na ƙara wuta. Na ce ko karenmu na dā, mai cin takalmi, zai sunsuna wannan ya wuce. Leszek da abin ya yi wa daɗi ya miƙe ya buga tebur ya ce a kira masa mai gidan abincin.

"Leszek, zauna," in ji Mama.

"A'a Mama, yau ranarki ce. Ba za a ci mutuncinki da wannan ba."

Mai wurin ta fito tana goge hannu, wata doguwar mace, Pani Aldona, wato Uwargida Aldona. Ta zagayo teburin da fuskar ba da haƙuri, sai idonta ya faɗa ƙarƙashin hular.

"Pani Sabina! Yau ranarki ce? Shi ne da safe kika gama naɗin nan kaf kika tafi ba ki ce min komai ba?" Ta sumbaci Mama a kumatu, ta juyo gare mu. "Ku ne 'ya'yan? Kun ji daɗinku! Wata takwas ke nan tana yi mana pierogi. Ni na sani agwagwarmu sai a hankali, saboda hannun mahaifiyarku mutane ke cika wurin nan. To, me ya faru ne aka ce ana nemana?"

Leszek ya sulale ya koma kujerarsa.

"Ƙari muke so," in ji Witek.

Da ta tafi na jawo farantin gabana. Bakin kowane ɗaya an murɗe shi kamar kitso, a ƙarshe kuma ga ɗan lotsawar nan ta babban yatsan Mama, wanda ƙofar mota ta taɓa datsewa. Shekara hamsin ina cin wannan lotsawar. Kunya ta rufe ni har wuyana ya yi zafi.

"Mama, me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

"Da kin hana ni. Kin ce in huta." Ta gyara zaman hularta. "Hannuna bai iya kwaɓa kaɗan ba, Danka. In na yi, wa zai ci? Babanku ya tafi, ku kuma sai Kirsimeti da ranar sunana. Nan ko ba komai ana cinyewa."

Leszek ya jawo farantin zai fara tura masu sanyin a baki, Mama ta janye shi ta miƙa wa Witek.

"Bar su. Kada tayar ta shaƙe ka."

Ranar Lahadi ba wanda ya gayyace mu, amma ana tashi daga coci muka hallara a gidanta. Ta sauke mana pierogi tuli. Muka yi ta zuba yabo kamar masu neman gafara. Leszek har da lumshe ido, yana cewa ko a cikin dubu zai gane wannan hannun. Witek kaɗai ya ci biyu ya ajiye cokali, na harare shi.

Da na kai kwanuka kicin, na taka murfin kwandon shara. A sama-sama, ba a ko ɓoye ba, ga ledoji uku na pierogin kanti, irin na cikin firiza. Na juyo, Mama na tsaye a bayana tana kallona.

"Mama!"

"Me? Kun ce sun yi daɗi." Ta buɗe wata ƙaramar tukunya a bayan murhu, ta zuba masu kitson a faranti. "Bakinku bai taɓa sanin komai ba, tun kuna yara. Ban damu ba. Ku dai ku riƙa zuwa."

Idona ya cika. Sai ta tura min farantin a hannu.

"Kira min mijinki ya ci a nan. Kada Leszek ya gani."