Wa Zai Nemo Inda Aka Gyara?

Autarmu tana da hannu, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Ka kawo mata rigar da ƙusa ta yaga ko wandon da tartsatsin wuta ya huda, sai ta juya cikinsa waje, ta zaro zare daga cikin kalmasar kayan, ta zauna da siririyar allura da gilashin ƙara girma tana saƙa wurin zare bayan zare, har ya koma kamar bai taɓa haɗuwa da ƙusa ba. Ba faci take yi ba, in ka kira shi faci ma sai ta ɓata rai. A wurin Kakarmu ta koya tun tana 'yar shekara tara, lokacin da ni yayarta nake ganin zama kusa da tsohuwa ɓata lokaci ne.

Da ta gama sakandare, mai wankin da ke ƙasan benenmu ya ba ta wani ɗan tebur a gefen taga, tsakanin injin wanki da inda ake rataye kaya. Ya ce wata uku ya ba ta. In teburin bai jawo mutane shagon ba, akwai wani mai sayar da kayan waya da ya daɗe yana naci, shi zai ba wa. Mutumin kirki ne mai wankin, amma ba ya lashe amansa. Baba kuma ya riga ya yi magana da wani abokinsa mai neman wanda zai zauna masa a kanti. In tebur ya tafi, Auta kanti za ta, allurar kuma ta koma cikin gwangwani.

Mun ɗauka abin zai zo da sauƙi. Aiki mai kyau ai shi yake sayar da kansa, haka na dinga gaya mata ina cika baki. Malamin lissafi na makarantar bayan layinmu ya kawo kwat ɗinsa, ya karɓa yana ta sa albarka. Matar mai kemis ta kawo wata doguwar riga da ƙarfen guga ya lasa a ƙirji, da ta zo karɓa har rungume Auta ta yi. Muka zauna jiran waɗanda za su turo, shiru kake ji. Wata guda ya wuce, na biyu ya raba, Auta tana zaune tana kallon masu wucewa ta taga.

Sai daga baya na gano inda gizo yake saƙar. Duk wanda zai kawo mata aiki, a baƙar leda yake ƙunso shi, ya waiga hagu ya waiga dama kafin ya shiga, kamar mai sayar da kayan sata. Ba wanda yake so a san tufarsa ta taɓa yagewa, Auta kuma ta ƙware har ba ta barin shaida. Da kunnena na ji matar mai kemis a kan matakala, wata maƙwabciya tana yaba rigar nan, ita kuwa ba kunya ba tsoron Allah ta ce ƙanwarta ce ta aiko mata da ita makon jiya. Na hau sama ina huci. Ranar ban bar kowa ya ci abinci cikin kwanciyar hankali ba, ina ta zagin butulcin mutane, har Mama ta ce in sassauta kada in ƙware.

Saura mako uku wa'adin ya cika, ƙusar ƙofar sito ta kama hannun kwat ɗina na aiki. A otal nake aiki, wurin karɓar baƙi, kuma shugabarmu mace ce da muke kira Shaho a bayan idonta, don ko maɓalli ne ya karkace sai ta hango shi daga ƙarshen falo. Yagar ta kai tsawon ɗan yatsa. Na ɗauki hotonta a waya don in kai ƙarar ƙusar, sai na tuna ni za a fara tuhuma, na naɗe kwat na kawo gida. Kwana biyu Auta ta yi a kansa.

Ranar Litinin na shiga aiki ina taƙama. Abokiyar aikina ta shafa hannun kwat ɗin ta tambaya ko sabo aka ba ni, don nata duk ya koɗe. Bakina ya riga hankalina, na ce sabo ne mana. Ina juyawa na ga Auta tsaye a gaban teburin karɓar baƙi, riƙe da makullin akwatina da na manta a gida. Ta ajiye shi, ta gaishe da abokiyata cikin ladabi, ta fita.

Da yamma na same ta tana jera zaruruwanta a gwangwani. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, ashe naki ma ƙanwarki ce ta aiko miki."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na matar mai kemis. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari da safe, lokacin da Shaho take jera mu tana duba kayanmu, na cire kwat ɗina na shimfiɗa a kan tebur. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce jiya ƙarya na yi, kwat ɗin nan ya yage, ƙanwata ce ta gyara shi, kuma duk wanda ya nuna min inda aka gyara, zan yi masa aikinsa na ƙarshen mako.

Kafin ka ce kwabo wuri ya hautsine. Masu shara suka jingine tsintsiya, mai dafa abinci ya fito yana goge hannu, direbobi biyu suka leƙo daga waje. Wannan ya ja wuya, wancan ya shinshina aljihu, mai gadi ya rantse a kafaɗa ne, aka yi masa dariya. Shaho ta sa tabarau, ta ɗauki kwat ɗin ta kai gaban taga, ta bi shi taki bayan taki. Can ta sauke tabarau ta ce wasa nake yi da hankalinsu, wannan kwat bai taɓa yagewa ba. Nan na fito da hoton na miƙa mata, na juya kalmasar na nuna musu inda aka zare zaren. Gani ya kori ji. Mai dafa abinci ya dinga tafa hannu yana zagaye teburin kamar shi ya yi aikin.

Ni dai gafarar Auta nake nema, ban san wasa na ƙirƙiro ba. Mai gadi ya kai mata hularsa da asu ya ci, ya dawo da ita ya aza wa abokan hirarsa gasa, ya ci shayin kwana uku a kansu. Ɗaya daga cikin direbobin ya yi haka a tasha da wandonsa. Abin da ake ɓoyewa a baƙar leda ya koma abin tinƙaho, kowa yana so ya tara mutane ya ce su nemo, su kasa. Auta ta fara ɗaukar hoton kowace yaga kafin ta taɓa ta, ta tura wa mai kayan, don ba wanda yake yarda sai ya gani. Malamin lissafi ya rataye kwat ɗinsa a jikin allo ya ce wa ɗalibai su nemo, iyaye uku suka zo a makon. Matar mai kemis da kanta na tarar a kan matakala ta baje rigarta a gaban maƙwabciyar nan tana cewa ta duba da kyau, ta manta sarai da zancen ƙanwa. Ban tona ta ba, don ba ni da bakin magana.

Murna kam na yi ta, har tsalle nake a kan matakala kamar ƙaramar yarinya. Sai dai kwanakin sun ƙure, kuma mai wanki bai ce komai ba. Kullum yana guga yana kallon masu shigowa ta wutsiyar ido. Ina tsoron kada ya ce mun makara, ko ya ce ya riga ya yi wa mutumin can alkawari.

Ranar da wata ukun ya cika na ɗauki hutu na sauka shagon tun da hantsi. Mutum shida na tarar a tsaye, kowa da kayansa a hannu a fili. Cikinsu har da Shaho, riƙe da wani tsohon mayafi na mahaifiyarta da ta rasu, tana bin layi kamar kowa. Ana cikin haka mai kayan waya ya iso da akwatinsa na gilashi a kan baro, ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa ta inda zai shiga. Auta ta gan shi. Ta sunkuyar da kai kan aikinta.

Mai wanki ya ajiye ƙarfen guga ya fita. Muna hango su ta taga suna magana, yana dafa kafaɗar mutumin, yana nuna masa wani shago a tsallaken titi. Baro ya juya. Ya dawo ciki fuska a murtuke, ya tsaya a kan Auta.

"'Yata, mutanenki sun tare min hanya, ko kwando ba na iya wucewa da shi. Gobe ki matsar da teburin nan gaba, zan kawo benci su riƙa zama."

Shagon ya kaure da shewa, mai jiran wandonsa har da buga injin wanki. Auta ta ɗauki allura za ta ci gaba da aiki, ƙwalla ta cika mata ido, zare ya ƙi shiga. Ta miƙo min su duka biyun ba tare da ta dube ni ba.

"Yaya, zura min."

Tun ranar makullin nan ba ta roƙe ni komai ba sai yanzu. Na karɓa, na ɗaga allurar wajen hasken taga. Sau huɗu ina kuskure kafar, don ni ma ba na gani sosai, ita kuwa ta zauna tana jirana.